Yadda Filin Tsohon Coci Ya Zama Rabona

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku idan ba na nan. Kuna cewa Baffanku Sani ya ci ni a rabon gado, ya kwashe fadama ya bar mini faƙo a bakin hanya, ni kuma saboda sanyin hali na yi shiru. Na ji maganar daga bakin ƙaraminku ranar sunan ɗiyar 'yar'uwarku Hadiza, bai san ina bayan zana ba. Ban tanka masa ba, domin gida cike yake da baƙi, amma abin ya tsaya mini a rai, musamman da na ga kun fara ja da baya daga 'ya'yan Baffanku. Shi ya sa na ɗauki alƙalami tun ina da sauran gani. Ba wanda ya cuce ni. Ni na zaɓi filin nan da bakina a gaban dattawa, kuma ga yadda aka yi.

Yawancinku ba ku tarar da cocin a tsaye ba, sai tulin ƙasa da gawon da ke gefensa. Lokacin da aka kawo aikin noman shinkafa da gyaran hanya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, baƙi suka sauka a tungarmu da iyalansu. Akwai direbobin tarakta, akwai kanikawa da magina, yawancinsu mutanen Filato da kudancin Kaduna, kuma Kiristoci ne. Da suka rasa wurin yin sujadarsu, kakanku ya ba su aron fili a bakin hanya. Suka gina ɗaki na laka da rufin kwano, suka rataya tsohon ƙarfen ƙafar tarakta a jikin gawo yana yi musu ƙararrawa. Da mutuwa ta fara shiga cikinsu, bayan ɗakin suka riƙa binne nasu, kakanku bai hana ba. Fadansu, wato limamin cocinsu, yana Birnin Kebbi, sai jifa-jifa yake zuwa a kan babur. Wanda ke riƙe da su kullum shi ne katikis ɗinsu, wato mai koya musu addini da ja musu addu'a, wani siririn mutum mai yawan dariya, Malam Istifanus.

A makarantar firamare muka saba da shi, ina koyar da Hausa yana taimaka mana da lissafi. Mutum ne mai ciwon tambaya. Ban da littattafan cocin da ake rubuta baftisma da aure, yana da nasa na kansa, masu baƙin bango, inda ya ware wa kowane gida shafinsa. Zai zauna da mutum ya tambaye shi sunan ƙauyensu, da sunan uwarsa da na kakarsa, da wanda ya baro a gida, da abin da ya fito da shi. In an yi haihuwa ya ƙara, in an yi mutuwa ya ƙara. Bai tsaya kan mutanensa ba, har dattawanmu sai da ya bi. A wurinsa na fara jin cewa kakan kakanku masunci ne daga wajen Argungu, wanda ruwa ya ci gidansa ya hauro nan ya kafa bukka. Kakanku ne ya faɗa masa, mu kuwa 'ya'yansa ba mu taɓa tambaya ba. Wata rana na tsokane shi, na ce wa ya sa shi wannan wahala.

Ya ce, "Malam Umaru, ku a nan ko ba a rubuta ba, kowa ya san kakan kowa. Mu baƙi ne. Yaranmu suna tashi da Hausarku a baki, ba su san sunan dutsen garinsu ba. Wata rana za su so su sani, lokacin kuwa babu mu."

Shekarar da nake son ku sani ta zo da abubuwa a jere, kamar an kwance su daga igiya guda. Da farkon damina kakanku ya rasu. Shinkafa na cikin fitar da kai gulbi ya cika ya haura, ya kwanta a fadama har sai da ta ruɓe. Ruwa bai gama janyewa ba aka ce an rufe aikin da ya kawo baƙin. Sai ga manyan motoci suna tsayawa a bakin hanya, ana ɗora katifu da tukwane da akurkin kaji. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka tare a Nassarawa cikin Birnin Kebbi suna neman abin yi. Innarku ta sha kuka a wannan lokacin, domin matan nan tare suke zuwa rijiya, tare suke surfe, kuma tsohuwarmu ce ta karɓi haihuwar yawancin 'ya'yansu. Fada ya zo ya kwashi littattafan baftisma da na aure ya tafi da su birni. Aka wayi gari ranar Lahadi ba a buga ƙarfe ba, har tsofaffinmu suna cewa garin ya yi wani iri.

Malam Istifanus ne ya rage, ga shi ƙafafunsa sun kumbura, ciwo ya ci ƙarfinsa. Da ɗansa ya zo ɗaukarsa, sai ga Malam Istifanus da hantsi a ƙofar gidana, yana tura keke da ƙyar, an ɗaure akwatin ƙarfe a baya. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ya buɗe akwatin, na ga littattafan nan jere, da hotuna a cikin leda, da wata takarda da ya zana kaburburan bayan coci da sunan mai kowanne.

Ya ce, "Na kawo maka ajiya."

Na ce, "Ni kuma? Me ya hana ka bai wa Fada, ko ka tahi da su gida?"

Ya ce, "Na Fada ya ɗauki nasa. Waɗannan na garin nan ne, sunan babanka ma yana ciki. In na kai su garinmu can kan dutse, wa zai bi su can? Duk wanda zai zo neman nasa, inda aka binne su zai zo. Ina so in ya zo ya tarar da wanda zai ce masa sannu da zuwa."

Na san nauyin abin. Ya dube ni ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce ba ya neman in rantse, in na ga ba zan iya ba in faɗa masa, ba zai riƙe ni a zuci ba. Na sa hannu na jawo akwatin gabana. Iyakar abin da aka yi ke nan. Na raka shi har bakin mota, kuma ban sake ganinsa ba, domin bai kai wata damina ba.

Innarku ba ta tambaye ni dalili ba. Abin da ya dame ta gara ce. Ta sa aka kawo duwatsu aka ɗora akwatin a kai a ƙuryar ɗakina, ta zuba busasshen ganyen dogon yaro a ciki. Amma a waje magana ta tashi, ana cewa ɗan Alhaji ya ajiye littattafan coci a ɗakin da yake salla. Da abin ya ishe ni na tafi wurin Liman, na faɗa masa duk abin da ke ciki. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko mutumin ya ce ajiya. Na ce ya ce.

Ya ce, "To, mi kaka tambaya? Amana ba a tambayar addinin mai ita. Tahi ka riƙe."

Bayan kaka aka zauna rabon gado. 'Yan'uwanmu mata an fitar musu da nasu ba gardama, saura ni da Yaya Sani, ga fadama ga filin bakin hanya. A lokacin wani ɗan kasuwa daga Birnin Kebbi ya riga ya zo ya ga filin, yana so ya share shi ya kafa injin casar shinkafa. Ina so ku fahimci Baffanku a nan. Gidansa ya fi nawa yawan baki, ba shi da albashi kamar ni, kuma ambaliya ta bar rumbunsa wayam. Shawararsa ita ce mu raba fadama biyu, mu sayar da filin, kowa ya samu abin da zai kai iyalinsa damina. Ba mugunta ba ce, yunwa yake hange. Muka zauna a zauren kakanku, ga Liman ga maigari ga dattawa.

Yaya ya ce, "Umaru, ɗiya gare ni, kai ma ɗiya gare ka. Aro Baba yab ba mutanen ga, kuma sun tahi, aro ya ƙare. In suna son ƙasusuwansu a aika musu su zo su kwashe."

Na ce, "Yaya, wa za a aika wa? Sun watse. Wasu ma yara ne a kwance nan, iyayensu ba su da kuɗin motar zuwa."

Ya ce, "To sai mu zauna muna gadin matattun wasu, namu masu rai na kwana da yunwa?"

Gaskiya ya faɗa. Amma na rufe ido na ga katafila tana bi ta kan wurin, na tuna wasu daga cikin yaran nan a ajina suka zauna, ni na koya musu rubuta sunansu. Sai na ji bakina yana cewa a ba Yaya fadama duka, ni a ba ni filin bakin hanya a matsayin rabona. Liman ya tambaye ni ko na san abin da nake faɗa, ya ce fili ne da ba zan noma ba, ba zan sayar ba. Na ce na sani. Ya maimaita tambayar, na maimaita amsar, aka shafa fatiha. Yaya ya tashi ya fita bai dube ni ba.

Da na shiga gida na tarar da Innarku tana tankaɗe. Labari ya riga ni isowa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, an ce ka ba da fadama." Na ce haka ne. Ta ci gaba da tankaɗenta har na zaci ta gama magana, sannan ta ajiye rariya.

Ta ce, "Da ka shawarce ni, da na ce maka a'a. Ina son ka san wannan. Amma tunda ka yi, ba za ka ƙara jin ta a bakina ba."

Ba ta kuwa ƙara ba, har ta koma ga Mahaliccinta. Amma ita ta ɗauki nauyin abin fiye da ni. Mu da muke tsakiyar ƙasar shinkafa muka koma masu awo a kasuwa. Manyanku za su tuna shekarun da tuwon shinkafa sai ranar Juma'a, da yadda take ƙulla ƙuli-ƙuli da man gyaɗa don ta cike inda albashi ya gaza. Babbanku ya so ya yi noman rani kamar tsaransa, ba ni da inda zan nuna masa, ya tafi birni yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Na san wannan ya yi masa ciwo, ni ma ya yi mini. Abin da ya fi komai zafi kuwa shi ne Yaya. Mutane suka riƙa nuna shi suna cewa ga wanda ya cinye gadon ƙanensa, wasu kuma suna cewa ga wanda ya so ya sayar da kabari. Ya ga kamar da gangan na yi don in fito mai kirki shi ya fito marar zuciya. Muna haɗuwa a masallaci, muna haɗuwa a jana'iza, amma ya daina shiga zaurena, abincin gidana kuwa ya daina ci.

Shekaru suka yi ta wucewa. Cocin ya rushe da kansa, gara ta cinye gicciyen itacen da ke kan kaburbura, wata damina kuma ɗakina ya yi yoyo, ruwa ya taɓa takardar zanen har tawada ta bazu. Na kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi. Duk bayan damina ni da Innarku mukan fitar da littattafan mu shanya su a inuwa, tana juya shafi ina karanta mata sunaye, tana cewa wance mai yawan gishiri a miya, wane mai waƙa in yana wanke tarakta. Masu zuwa nema ba su da yawa. Wani ya zo ya kwafi sunan ƙauyen kakansa, wata tsohuwa ta zo ta karɓi hoton aurenta. Akwai shekarun da ba wanda ya leƙo, kuma ba zan ɓoye muku ba, nakan tsaya a bakin ƙayar in tambayi kaina ko na yi daidai.

Sai ranar da Rahila ta zo, wadda yanzu kuke kira Anti. A lokacin ba mu san ta ba. Da la'asar ɗan kabu-kabu ya sauke wata mata a ƙofar gida, ta yi sallama da Hausar mutanen Jos. Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce, an yi mata canjin aiki zuwa Birnin Kebbi. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kakarta ta wajen uba ce ta rene ta, kuma abin da aka faɗa mata kawai shi ne an haife ta a wani ƙauye kusa da Argungu, uwarta mai suna Ladi ta rasu a can. Ba ta san dangin uwarta ba ko mutum ɗaya. Ta yi ta tambaya a coci a Nassarawa har wata tsohuwa ta ce ta zo tungarmu ta nemi Malam Umaru mai akwati.

Na ɗauko littafin na buɗe shafin gidan Ayuba direban tarakta, mijin Ladi. Ga sunan Ladi, ga sunan ƙauyensu, ga na uwarta da na yayyenta maza biyu, duk da rubutun Malam Istifanus. Ta riƙa bin layin da yatsa tana karantawa a hankali. Innarku na tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa, tana jin sunan sai ta ajiye kwanon, ta matso ta kama fuskar baƙuwar da hannu biyu.

Ta ce, "Ke ce jaririyar Ladi? Allahu akbar. Ɗiyata, ai nonona kika sha. Uwarki ta rasu kina cikin tsumma, ni kuwa ina goyon Hadiza. Ke dama, ita hagu, har ubanki yat tahi da ke."

Rahila ta durƙushe ta rungume ƙafafunta. Ni dai na fita na ba su wuri. Daga zaure ina jin Innarku tana ba ta labarin uwarta, abin da babu shi a littafi, cewa doguwa ce mai wushirya, tana tsoron kwalekwale, kuma ita ta koya wa matan tungarmu dafa gwate, faten mutanen Filato. Ina jin Rahila tana dariya cikin kuka tana cewa a ƙara mata.

Da ta nemi a nuna mata kabarin, sai na tashi na shige gaba. Muka tafi filin da takardar zanen, amma daidai wannan gefen ne ruwa ya ɓata, ƙasa kuma ta baje, ba alama. Ranar da aka binne Ladi ina Argungu wurin taron malamai, Innarku kuwa tana gida da jaririya. Muna tsaye ina juya takarda, kunya ta rufe ni, sai na ji ƙarar sanda a bayana. Yaya Sani ne. Ya tsufa ƙwarai a lokacin, gwiwoyinsa sun ƙi, amma labari ya kai masa ya taso. Bai gaishe ni ba. Ya raɓa ta jikin ƙaya ya shiga, ya dubi gawo, ya dubi inda bangon coci yake a da, ya taka a hankali zuwa wani wuri da ciyawa ta rufe, ya kafa sandarsa.

Ya ce, "Nan take. Ni da ubanki munka gina shi. Rani ne, ƙasa ta yi tauri, shi kuwa kuka ya hana shi riƙe diga. Na ce mai ya zauna, ni na ƙarasa."

Ban taɓa sanin wannan ba, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Rahila ta durƙusa a wurin ta dafa ƙasar, ta yi addu'arta a hankali, mu kuma muka ja gefe muka tsaya. Da ta gama ta zo gaban Yaya ta russuna ta ce, "Na gode, Baba." Ya kawar da kai yana goge ido da hannun riga. Can sai ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Umaru, da na saida wurin ga, mi zan nuna mata yau?"

Na ce, "Yaya, da ba ka zo ba, ni ma mi zan nuna mata?"

Innarku ta ja Rahila suka yi gaba, ta ce ba za ta koma birni ba sai ta ci tuwo ta ga 'yar'uwarta Hadiza. Aka bar mu mu biyu a baya. Da muka zo mararrabar da zai karkata zuwa gidansa, sai na ga bai karkata ba, ya biyo hanyar gidana. Ƙafar tana ba shi wahala a cikin yashi, sai ya miƙo hannu ya dafa kafaɗata. Rabon da ya dafa ni haka tun muna yara muna dawowa daga fadama. Sai na rage sauri.